Gorar da Ta Ƙi Fashewa

Nasarawa Burkullu,
Ranar Lahadi, cikin watan Safar.

Zuwa ga maigidana, Baban Haris,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ba zan ce kamar yadda muke nan lafiya ba, don ba na son fara takarda da ƙarya. Yaya baƙunta a Bagega? Mahaifiyarka Inna tana gaishe ka, ko da yake gaisuwar tata da faɗa a ciki. Haris kullum sai ya je rumfar facinka ya zauna a kan tsohuwar taya, wai yana tsaron shago.

Da ba a yanke sabis ɗin waya ba, da kunnenka ya ji jiki. Tunda babu hali, na yagi littafin makarantar Haris. Lauwali direba ne ya ce ya gan ka da idonsa, ka yi buɗu-buɗu da ƙasa, kana shiga ramin zinari. Na ce ya sake dubawa, domin mijina ko rijiya ya leƙa sai jiri ya ɗebe shi. Ya rantse kai ne. Ka bar mu a asibitin Gummi da cewa za ka sayo koko, to Malam, har yau muna jiran kokon.

Ba ka tsaya ka ji yadda abin ya faru ba, don haka zan faɗa maka, ko kana so ko ba ka so. Ka san ba na kama sunan 'yarmu, 'yar fari ce, tun ranar da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, ta zama tata. 'Yar Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini Yaya. Kai ma ba ka taɓa kiran sunanta ba, ko a hanya kuka haɗu sai kowa ya kalli ƙasa. Amma ni na san abin da ke ranka. Da tsuntsayen jan-baki suka sauka a kan geronmu, muryarta ta dishe saboda ihun korarsu, kai ne ka kasa cin tuwo. Ka shige rumfa ka fito da gorar lemo ta roba, ka huda murfin ka sa bawul ɗin tsohuwar taya, ka haɗa da dogon tiyo da famfon keke, yadda in an buga mata iska za ta fashe, ƙarar ta kori tsuntsaye. Ka miƙa wa Inna kana kallon bango, ka ce a ba yarinyar nan ta huta da ihu.

Ka tuna ranar farko? Gora ta fashe, unguwa ta watse, har da masu barin takalma, an ɗauka mutanen daji ne suka shigo. Mai unguwa ya kira ka ya yi maka tas, washegari kuma ya aiko ɗansa a haɗa masa tasa. Aka sa mata suna bindigar Namadi, Allah ya yafe mini rubuta sunanka. Na yi dariya a lokacin, na kuma ji daɗi, don na ga mijina ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi a garin nan.

Ran nan da hantsi 'Yar Inna ta yi ta buga famfo har hannunta ya gaji, gora ta ƙi fashewa. Ta jira, shiru. Tsuntsaye kuwa suna ta sauka. Sai ta bi tiyo har ramin da ka ce a riƙa ajiye gorar, ta ɗago ta, ta kawo ta kusa da fuska don ta ga ko iska ke fita. Ta ce gorar ta yi tauri kamar dutse, ta kuma yi zafi saboda rana. Abin da ta iya tunawa ke nan. Murfin da ƙarfen bawul ɗin suka shige idonta na hagu.

Ina daka a tsakar gida na ji ƙarar, na ce yau ma an sallami baƙi. Na ji ihunta kuma, maƙwabtan gona duk sun ji. Ba wanda ya motsa, kowa ya ɗauka tsuntsaye take kora, don haka ihun yara yake a gona duk kaka. Sai da wata Bafulatana mai tallar nono ta ratsa ta wajen, ta goyo ta a baya ta kawo mana. In laifi kake gudu, ka ga ba kai kaɗai ke da kunne a garin nan ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Bayan tafiyarka likita ya ce idon hagu ya riga ya mutu, ba abin da zai tashe shi. Ya ce a kai ta babban asibiti a Sakkwato a cire shi, kuma da wuri, don irin wannan ciwo yakan ja ɗan'uwansa. Ya ce sai da yardar uba ko wanda ke riƙonta. Inna ta ce a kan gawarta. Ni kuwa ka san ba ni da baki a kan yarinyar nan, ko ruwa zan ba ta a gaban mutane sai na yi kamar kuskure ne. Kai kaɗai Inna ke ji. Ka zo ka ce a yi.

Ka gaida abokan aikinka in suna da kirki. Ka riƙa rufe hancinka daga ƙurar nan, ka san abin da ta yi wa yaran Bagega a baya.

Matarka,
Saude.

*

Nasarawa Burkullu,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Baban Haris,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata ka tashi lafiya, kuma ramin bai rufta da kai ba, don ina da sauran magana da kai.

Lauwali ya kawo saƙo: kuɗi a ƙulle cikin leda, da baƙin tabarau. Na zazzage ledar, na juya ta ciki da waje, ko ɗan guntun takarda babu. Na tambaye shi me ka ce, ya ce ka karanta wasiƙata a bayan mota, ka daɗe a tsaye, sannan ka tambaye shi ko iskar tayarsa ta baya ba ta yi ƙasa ba. Malam, ni na ce maka kuɗi muka rasa? Bakinka nake nema, ba aljihunka ba.

'Yar Inna ta karɓi tabarau. Ya yi mata yawa, sai da Inna ta ɗaure shi da zare ta bayan kai. Ba ta cire shi ko za ta kwanta. Haris ya taɓa shi sau ɗaya, ya sha duka.

Kada ka ɗauka ƙarar Inna nake kawowa. Tsohuwar nan ta rame fiye da mai ciwon. Ta nemo rubutu, ta nemo tofi, ta sa mai jego ta ɗiga mata nono a idon, ta sayar da tunkiyarta ta yi sadaka. Da na sake ɗauko zancen Sakkwato ina durƙushe, ta ce mini, “Saude, ɗiya mace ta. In an ƙwaƙule mata ido, wa za shi ɗauke ta? Ku bar ma Allah abu nai.” Na miƙe, don ban san yadda ake gardama da wadda ke kuka ba. Amma da ta juya sai na ji tana cewa ita kaɗai, “Wanga yaro, mi shika yi cikin rame?” Ka ga ita ma jiranka take. In ka ce a yi, za ta yi fushi, ta kuma bari.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne idon dama ya fara ja. Yana ruwa, ba ta son haske, da rana ta ɗaga sai ta shige ƙuryar ɗaki. Jiya na aike ta ta miƙo mini ludayi, yana gabanta, ta yi ta lalube. Ta lura na gani, sai ta yi dariya ta ce tabarau ne ya yi duhu.

Ta san ina rubuta maka. Ta zo ta tsaya a bayana, ta daɗe tana murza bakin zane, sannan ta ce, “Yaya, ki hwaɗa ma Baba ba laihi nai na ba. Ya ce kar in taɓa gora in ta sha iska. Ni niɗ ɗauka.” To ka ji. Yarinyar da ba ta kai shekarun ɗaukar azumi ba ita ke neman ta sauke maka kaya.

Gero kuwa jan-baki sun gama da shi, ba wanda ya sake taka gonar. Ban damu ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne har yanzu ina jin ƙarar gora daga gonakin mutane. Shekaranjiya na ga yaran Barau maƙwabcinmu sun cire dogon tiyon gaba ɗaya, ɗaya yana riƙe da gora a cinya, ɗaya yana buga famfo, suna gasar wa zai fi daɗewa bai jefar ba. Ban san lokacin da na fita ba mayafi ba. Na ƙwace famfon na jefa shi tsohuwar rijiya. Barau ya aiko a ce mini in biya shi, na ce ya zo ya ɗaga tabarau ɗin yarinyar ya duba, in ya iya kallo zan biya. Bai zo ba. Na bi gidajen da ka haɗa wa, ina roƙon matan su ɓoye famfo. Wasu sun ji, wasu sun ce abin da ya same mu ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce, amma ai da hannu aka buga mata iska.

Ina jin haushinka, ina kuma kewarka, ban san wanne ya fi yawa ba. Lauwali zai juyo ranar Asabar. Akwai wuri a gaban mota, na riga na ce ya ajiye maka.

Taka,
Saude.

*

Gummi,
Ranar Litinin, bayan Mauludi.

Baban Haris,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. A tashar mota nake rubutu, a kan gwiwa, ka yi haƙuri da hannun.

Asabar ta zo, na tsaya a zaure har Lauwali ya gama sauke kaya. Asabar ta gaba ma haka. Wurin da na kama maka, buhun gawayi aka ɗora a kai.

Jiya da safe 'Yar Inna ta fito za ta yi alwala, ta yi karo da turmi, turmin da yake wuri ɗaya tun kafin a haife ta. Ba ta yi kuka ba, ta tsaya tana shafa shi. Ni kuwa ban ƙara jira ba. Na shiga ɗakin Inna, ban durƙusa ba, na ce, “Inna, ɗiyata ta. Ni nih haihe ta, kuma yau zan kai ta.” Tun da aka kawo ni gidanku ban taɓa ɗaga ido na kalli tsohuwar nan ba sai jiya. Na zaci za ta tsine mini. Ta dube ni ta dube ni, sannan ta sunkuya ƙarƙashin gado ta jawo takalman yarinyar, ta kakkaɓe su da bakin zanenta, ta miƙo mini. Ina jin kunyar abin da na yi, amma na fi jin kunyar daɗewar da na yi ban yi ba.

Likitan nan ya gane mu. Ya haska idon dama, ya daɗe, sannan ya tambaye ni me ya tsayar da mu. Me zan ce masa? In ce muna jiran mai sayen koko? Ya ce abin da yake tsoro ya riga ya fara, mu wuce Sakkwato yau ba gobe ba, watakila a ceci wani abu. Ya ce yardar uwa ma ta isa. Ashe da na buɗe baki tun farko, da an ji ni.

A hanya ta cire tabarau, duk da hasken yana yi mata zafi. Ta manna fuska a gilashi tana kallon kome, raƙuma, gulbi, matan da ke shanya barkono. Na ce ta mayar, ta ce in bar ta ta duba da kyau. Can sai ta matso ta yi mini raɗa, wai tabon da ke fuskarka a kumatun dama yake ko na hagu? Na ce wace irin tambaya ce wannan, ubanki ne fa. Ta ce, “Ban taɓa kallon huska tai da kyau ba, Yaya. Kullum ƙahwahu nai nika gani.” Ta san yatsanka da ƙusa ta fasa, ta san silifas ɗinka mai ɗinki da waya. Fuskarka ce ba ta sani ba, don mun koya mata kunya, ta kuma koya da kyau.

Ban ƙara roƙonka ka zo ka yanke magana ba, an riga an yanke. Ka zo ta gan ka. Ba sai ka yi magana ba, ka tsaya kawai inda haske yake. Lauwali ya san gidan ƙanwar mahaifina Goggo a Sakkwato, can za mu sauka. Daga Anka akwai mota kullum in hanya ta yi kyau.

An fara kiran fasinja. Ka yi mana addu'a.

Saude.

*

Nasarawa Burkullu,
Ranar Asabar, bayan an gama kaka.

Zuwa ga Baban Zinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Inna tana gaishe ka, wannan karon ba faɗa. Haris ya fara koyon cire taya, ya ɓata maka sifana ɗaya.

Ka ga yadda na buɗe takardar nan. Ba kuskure ba ne. A asibitin Sakkwato wata nas ta tambaye ni sunan yarinya, na tsaya ina waige-waige ko akwai mai faɗa, babu kowa sai ni. Na ce Zinatu. Yarinyar ta juyo da sauri ta wajen muryata, ta yi murmushi, ta ce in sake. Tun daga ranar ban daina ba. Ashe suna ne mai daɗi a baki, mu muka zaɓa, muka kuma hana kanmu.

An cire na hagu. An yi ta fama da na dama, allura da ƙwayoyi da ɗigo, likitocin sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Da farko tana gane mutum in ya tsaya a bakin taga. Kullum da hantsi sai ta sa in juya mata gado ya fuskanci ƙofa, duk namijin da ya shigo ta ɗaga kai. Daga baya ta koma gane haske da duhu kawai. Wata safiya ta tambaye ni ko gari bai waye ba, alhali rana tana kan ƙafafunta. Na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar gora. Da na dawo ta ce a mayar da gadon yadda yake, kada mu tare wa mutane hanya.

Mun dawo gida. Inna ta ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa madafa, daga madafa zuwa zaure, Zinatu tana bi. Ta iya tsince wake da hannu fiye da ni. Tana zuwa Islamiyya, Haris ke riƙe mata hannu, malamin ya ce haddarta ta wuce ta kowa. Barau da kansa ya tattara gorunan unguwa ya ƙone, ya zo har zaure ya yi mana jaje. Ina faɗa maka waɗannan ne don ka san ba kabari za ka tarar ba. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce zuciyata ta huce ba. Duk lokacin da na ga ta miƙa hannu tana neman igiya, sai in tuna Asabar ɗin nan da na tsaya a zaure. Na yafe maka gora tun ranar farko, don ƙauna ce ta sa ka haɗa ta. Kujerar motar nan ce nake ta roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa, tare da nawa shirun.

Ranar da sabis ya dawo na kira lambarka. Ka ɗauka. Na ji injin niƙan dutse a bayanka, na yi sallama ba ka amsa ba, ba ka kuma kashe ba. Ban faɗa mata wa na kira ba, na dai kanga mata wayar a kunne. Ta saurara, ta saurara, sannan ta ce, “Baba na. Na ji lumhwashi nai.” Sai ka kashe. Ta riƙe wayar har la'asar, ko za ta yi ƙara.

Lauwali ya ce ka rame, ka fara tari, kuma duk lokacin da aka fasa dutse a rami sai ka toshe kunne ka zauna. Ya ce ka gaya masa ba za ka iya haɗa ido da ita ba. Malam, abin da ka guda ya ƙare. Ba za ta ga ramarka ba, ba za ta ga hawayenka ba, tabon ma na riga na faɗa mata na hagu ne. In ka zo za ta shafa da hannunta ta tabbatar. Abin da ya rage mata ke nan, kada ka hana ta shi ma.

Yanzu haka tana zaune a zaure da tabarau ɗinka, yau ranar shigowar motoci ce. Ta san takun kowa a unguwar nan, amma ta ce tana tsoron ta manta naka. Saboda haka ga roƙona na ƙarshe. In ka iso, kada ka sunkuyar da kai ka wuce ta yadda ka saba, don ba za ta san ka wuce ba. Ka tsaya a bakin ƙofa ka kira sunanta da ƙarfi, ko da duk unguwa na ji.

Allah ya kawo ka lafiya. Ka huta lafiya.

Matarka,
Saude, uwar Zinatu.